Cocin Sant Climent na Taüll

Sant Climent tsohon coci ne na dutse a bakin ƙauyen Taüll, cikin Kwarin Boí da ke tsaunukan Firenis, a yankin Kataloniya na ƙasar Sifaniya. Ya yi suna ne saboda zanen Yesu Almasihu da aka yi a bangonsa a ƙarni na 12, zanen da yanzu yake gidan tarihi a birnin Barsalona.

Tarihi

Bishop Ramon na Roda ne ya keɓe cocin ranar 10 ga Disamba, 1123, kuma washegari ya keɓe na Santa Maria a cikin ƙauyen. An san ranar ne daga rubutun da aka zana a jikin ɗaya daga cikin ginshiƙan. Ana zaton an soma ginin tun kafin haka, wataƙila a ƙarni na 11, a kan wani tsohon wurin ibada.

Abin da ke ba mai ziyara mamaki shi ne yadda ƙaramin ƙauyen makiyaya ya samu manyan coci biyu a lokaci guda. Masana tarihi na danganta hakan da iyayen gidan Erill, masu mulkin kwarin, waɗanda suka bi Sarki Alfonso na ɗaya na Aragon yaƙe-yaƙensa a kwarin kogin Ebro, suka dawo da dukiyar da suka zuba a gine-gine.

Gini

Zauren ya kasu layi uku da ginshiƙai, rufinsa na katako ne. Hasumiyar ƙararrawa mai hawa shida tana gefe, da adon bakuna irin na maginan yankin Lombardi na Italiya.

Zane-zane

A lungun gabas mai siffar rabin ƙwarya, saman bagade, aka zana Almasihu zaune cikin wani zobe mai kama da ƙwayar almon. Hannun dama a ɗage yana sa albarka, na hagu riƙe da buɗaɗɗen littafi mai rubutun Latin da ke nufin "Ni ne hasken duniya". Haruffan Alfa da Omega, na farko da na ƙarshe a baƙaƙen Helenanci, suna rataye dama da hagun Almasihu, alamomin marubuta Linjila huɗu sun kewaye shi. A ƙasa Maryamu da wasu manzanni na tsaye a ƙarƙashin bakuna. Akwai kuma Ɗan Rago mai ido bakwai, da Li'azaru matalauci a ƙofar mai arziki.

Ƙarfin aikin yana fuskar Almasihu ne: doguwa, gefe da gefe daidai, idanu manya da ke kafe mai kallo duk inda ya tsaya. Shuɗin da ya cika hoton an samo shi daga wani dutsen yankin da ake kira ayerinait. Mai zanen bai bar suna ba, sai dai a ce da shi Gwanin Taüll. Akwai masu haɗa kaskon da Maryamu ke riƙe da shi da labaran ƙoƙon da Yesu ya yi amfani da shi a jibinsa na ƙarshe da manzanninsa, amma ba duk masana suka yarda ba.

Ɗauke zanen

Tawagar masana daga Cibiyar Nazarin Kataloniya, ciki har da masanin gine-gine Josep Puig i Cadafalch, ta zo kwarin a 1907 ta fito da waɗannan zane-zane fili. Sanin darajarsu ya jawo dillalai. A 1919 aka ɓanɓare zanen cocin Mur, wani tsohon coci a Kataloniya, aka sayar, ya ƙare a Boston ta Amurka. Ganin haka, hukumar gidajen tarihi ta Barsalona ta sayi na kwarin, ta kwashe su tsakanin 1919 da 1923.

Ƙwararru 'yan Italiya suka yi aikin. Sukan manna ƙyalle a kan zanen da gam, in ya bushe su yaye shi tare da siririn fatar fentin, su nannaɗe, a sauko da shi daga tsauni a bayan alfadarai. A Barsalona aka mayar da shi kan wani sabon ƙyalle, aka ɗora a kan katakon da aka sassaƙa daidai da siffar lungun. Yana Gidan Tarihin Fasaha na Kataloniya a tudun Montjuïc.

A yau

UNESCO ta sa cocin cikin kayan tarihin duniya a 2000, tare da sauran tsofaffin wuraren ibada takwas na kwarin. Tun 2013 ana haska hoton zanen da majigi a kan ainihin bangon, inda ragowar fentin asali ke nan har yanzu.