Ruwa, shara da bayan gida: abin da doka ta ce game da masu zama cikin jirgi a kanal ɗin Ingila

Akwai mutane a Ingila da gidansu jirgin ruwa ne, a ciki suke kwana a ciki suke girki, wasu har da yara 'yan makaranta. Jirgin wani siriri ne dogo, faɗinsa bai cika kafa 7 ba amma tsawonsa zai iya kaiwa kafa 70, haka aka ƙera shi don ya iya bin kanal, wato koramun da mutane suka haƙa da hannu tun ƙarni na 18 don jigilar gawayin kwal da kayan masana'antu kafin jirgin ƙasa ya zo ya kwace kasuwar. Yanzu kaya sun tafi, mutane sun dawo, musamman a Landan inda kuɗin haya ya kori da yawa zuwa kan ruwa. To tambayar da ke zuwa ran duk wanda ya ji labarin nan ita ce, ina suke samun ruwan sha, kuma in mutum ya zaga ina abin yake tafiya? Nan ne dokar take da ɗan murɗiya.

Mai kula da yawancin waɗannan hanyoyin ruwa a Ingila da Wales ita ce Canal & River Trust, ƙungiyar agaji ce da ta karɓi aikin daga hannun hukumar gwamnati British Waterways a watan Yulin 2012. Tana riƙe da kusan mil 2,000 na kanal da koguna, kuma jiragen da ke da lasisinta sun kai wajen 35,000. Ba ita ke da komai ba fa, saman kogin Thames yana hannun hukumar kula da muhalli ne, Scotland kuma tana da tata daban, amma in ana maganar famfo da bola a bakin kanal to yawanci da ita ake.

Kafin mu je kan famfo sai an gane dokar kwana 14, don ita ce ta sa maganar ta yi zafi. Dokar British Waterways ta 1995, sashe na 17, ta ce kafin a ba ka lasisi sai kana da inshora, sai jirginka ya tsallake gwajin lafiya (takardar tana yin shekara 4), sannan ɗaya cikin biyu: ko dai kana da wurin ɗaure jirgi na dindindin, ko kuma ka gamsar da su cewa tafiya za ka riƙa yi tsakani da Allah, ba za ka wuce kwana 14 a wuri ɗaya ba sai in da uzuri mai ma'ana kamar rashin lafiya ko lalacewar inji ko ƙanƙara ta daskarar da ruwan. Wanda yake da wurin ɗauri a marina, wato tashar ajiye jirage ta haya, shi kam ya huta, galibi famfo da wuta suna gefensa, kuɗinsa ne ke masa aiki. Mai yawon nan kuwa ba shi da famfon kansa, ba shi da motar shara da za ta zo ƙofar gida, yawancinsu ma ba sa biyan harajin ƙaramar hukuma tunda ba su da adireshi tsayayye, don haka rayuwarsa kacokan ta rataya ne a kan abin da aka kafa a bakin hanya.

Abubuwan da ake kafawa huɗu ne. Famfon ruwan sha, inda za ka ɗaure jirgi ka fito da tiyonka ka cika tanki, tankin kan ci ɗaruruwan lita kuma in famfon mai sanyin jiki ne sai ka share awa guda kana zaune wasu jirage na layi a bayanka. Sai wurin juye masai na akwati, suna ce masa Elsan, asali sunan wani kamfanin maganin masai ne ya bi wurin. Shi wannan masan wani akwatin roba ne da bai wuce lita 20 ba a ƙarƙashin wurin zama, mutum biyu kwana biyu zuwa uku sun cika shi, sai ka zaro ka ɗauka ko ka ɗora a amalanke ka kai ka juye ka ɗauraye. Na uku injin zuƙe, na masu babban tankin bahaya a cikin jirgi, irin dai aikin motar yasar masai sai dai shi a kafe yake kai ne za ka je wurinsa. Na huɗu bola. Ruwa da Elsan da bola duk suna cikin kuɗin lasisi, injin zuƙe ne kawai ake biya daban duk zuwa. Yawancin wuraren a kulle suke, akwai wani makulli guda ɗaya da masu jirgi ke saya wanda yake buɗe su duka daga wannan gari zuwa wancan, har yau wasu suna kiransa da sunan tsohuwar hukumar.

Yanzu ga abin da aka ɗora wa mai jirgi, kuma wannan ɓangaren babu wasa a cikinsa. Sharuɗɗan lasisi sun ce kada ka saki komai cikin kanal sai ruwan sama da ya gangaro daga jikin jirgi, da ruwan wanke-wanke da na wanka da na wanki. Eh, ruwan kumfar sabulu kai tsaye yake fita ta gefen jirgi ya shiga kanal kuma halal ne a dokance, abin da ya kan ba mutane mamaki kenan. Amma bahaya ko ɗigo ba a yarda ba, haka baƙin mai da dizal. Tun 1965 akwai dokokin kanal da suka hana jefa shara ko ƙazanta a ruwa ko a gefen hanya, sannan jibge tarkace a inda ba a ba da izini ba laifi ne a ƙarƙashin dokar kare muhalli ta 1990, wannan kuma ta hau kan kowa ne mai jirgi da mai gida. Wanda ya yi ta karya sharuɗɗa ana iya soke lasisinsa, jirgin da ba lasisi kuma sashe na 8 na dokar 1983 ya ba su ikon cire shi daga ruwan. Ka tuna jirgin nan shi ne gidan mutum, kaga kenan ba ƙaramar barazana ba ce.

Ita bolar ma da ƙa'idarta. Sharar gida ta yau da kullum kawai aka yi ta dominta. Tsohon batir, tukunyar gas, katifa, firij, baƙin mai, katakon da ka ciro wajen gyaran jirgi, duk ba nan ne wurinsu ba sai ka nemi babban juji na ƙaramar hukuma, wanda shi kuma wani lokacin sai a ce ka nuna shaidar kana zaune a yankin, mutumin da doka ta ce masa tashi duk mako biyu. Daga 31 ga Maris 2025 kuma sabuwar ƙa'idar ware shara ta fara aiki a Ingila, sai aka fara raba mazubai a bakin kanal, ragowar abinci daban, kwalabe daban, kayan da za a sake sarrafawa daban, sauran tarkace daban. In an cakuɗa su to an ɓata duka mazubin.

To su kuma masu hukumar, me aka ɗora musu? Nan ne nake ganin ma'aunin ya karkata. Wajibin da dokar sufuri ta 1968 ta ɗora shi ne kula da hanyar ruwan kanta yadda jirage za su iya bi, har ta kasa kanal gida uku, na kasuwanci da na yawon shaƙatawa da ragowa. Dokar sufuri ta 1962 kuma ta ba su ikon karɓar kuɗi da gindaya sharaɗi a kan hidimomin da suke bayarwa. Iko ne aka ba su. Maganar cewa sai an kafa famfo a wuri kaza ko Elsan duk bayan tafiya kaza, wannan daga manufar ƙungiyar ta fito, majalisa ba ta rubuta ta ba. Bambancin yana da girma, don manufa wanda ya rubuta ta zai iya zama gobe ya sake ta, in kuma ya gaza cikawa abin da kake da shi shi ne ka kai ƙorafi ta matakansu, in bai yi ba ka wuce ofishin mai sasanci na hanyoyin ruwa.

Manufar da suka fitar a 2023 bayan sun ji ra'ayin masu jirage ta kafa abin da suka kira mafi ƙarancin mizani. A taƙaice, tsakanin famfo da famfo, ko Elsan da Elsan, ko bola da bola, kada ya wuce tafiyar yini ɗaya wanda suka ƙiyasta a awa 5, injin zuƙe kuma yini biyu wato awa 10. Da awa aka auna ba da mil ba kuma da dalili, gudun da aka yarda a kanal mil 4 ne a awa, tafiyar mai sauri a ƙafa kenan, ga kuma lok, wato waɗannan ɗakunan ruwa masu ƙofofi da ake cikawa ko a zubar don jirgi ya hau tudu ko ya sauka. A Caen Hill da ke kan kanal ɗin Kennet da Avon akwai lok 29 a cikin kusan mil 2, wannan ɗan tsakanin kaɗai zai cinye maka awa biyar ko shida. Abin da mizanin bai ƙunsa ba shi ne banɗakin jama'a da wurin wanka da injin wanki, waɗannan ƙari ne a wurinsu, shi ya sa an yi ta rufe wasu kuma ba wanda zai ce sun saɓa alkawari.

A takarda awa 5 kamar ba komai. Amma ɗauki mutumin da yake aiki Litinin zuwa Juma'a, jirginsa na ɗaure a kogin Lea ko kanal ɗin Regent's, akwatinsa ya cika ranar Laraba, ya tashi aiki ya jawo shi a keke ya isa Elsan ya tarar an manna takarda wai ya toshe. Na gaba yana da nisan awa biyar a jirgi, zuwa kenan ban da dawowa, kuma in ya tashi daga inda yake a Landan kafin ya dawo wani ya maye gurbin. Doka ba ta yi masa rangwame ba don Elsan ya toshe, haramcin zubarwa a ruwa yana nan daram. Shi ya sa masu dabara suke ajiye akwati biyu ko uku. Toshewar ma gaskiya da hannun masu jiragen a ciki, ƙyallen goge jarirai da ledoji da ake turawa ciki su ne kan gaba, kamar yadda mutanen gari da 'yan kwangilar gini ke zuwa da daddare su cika bolar masu jirgi da buraguzai. Da sanyi kuma famfo ya daskare, shikenan sai jarka.

Rigimar da ta fi nuna yadda manufa ke juyawa ita ce ta masan taki. Wasu sun gaji da neman Elsan sai suka koma wani masai da yake raba fitsari da bahaya, a busar da bahayar da garin katako ko ɓawon kwakwa. Da farko an bar su suna ƙullewa a leda su jefa a bola. A 2021 sai ƙungiyar ta ce a'a, daga ƙarshen shekarar kada a sake sa shi a mazubanta, ko dai ka ajiye shi ya ruɓe sosai ya zama taki, abin da kan ɗauki kusan shekara, ko ka nemi wata hanya da ta dace, fitsarin kuma a kai Elsan. Yanzu ka ce min a jirgi mai faɗin kafa 7 ina mutum zai jera bokitan bahaya na shekara guda? A kan rufi wasu suke yi. Mutanen sun kashe kuɗi sun sayi masan ne bisa abin da aka faɗa musu a baya, ba wata doka da majalisa ta canza, sanarwa ce kawai.

Ƙarƙashin duk wannan kuɗi ne. A Yulin 2023 gwamnati ta sanar cewa tallafin da take ba ƙungiyar zai riƙa raguwa daga 2027, jimillar abin da za ta ba ta wajen fam miliyan 400 ne cikin shekara goma, ita kuma ta ce in aka lissafa da tsadar kaya asarar ta haura fam miliyan 300. Ga madatsun ruwa da gadoji masu shekara 200 suna neman gyara, kowa ya san in aka zo zaɓe tsakanin gaɓar kanal da za ta ɓalle da banɗakin bakin hanya wanne za a bari. Ni ban ga laifinsu a wannan lissafin ba. Inda masu yawo suke jin an taka su shi ne daga Afrilun 2024 an ƙara musu wani kaso a kan kuɗin lasisi saboda ba su da wurin ɗauri, ya fara daga kashi 5 cikin 100 zai hau har 25 a 2028, hujjar kuwa wai su suka fi cin moriyar hanyar da kayan hidimarta. Ƙungiyarsu ta National Bargee Travellers Association, wadda aka kafa a 2009, ta yi zanga-zanga a kai, kuma abin da 'ya'yanta ke maimaitawa shi ne in har saboda famfo da Elsan aka ƙara musu kuɗi, to a rubuta adadin famfon da Elsan ɗin a inda ba za a iya gogewa da sanarwa ɗaya ba.