Ba kowane maganin fitar da ruwa ke son cikin da ya ƙoshi ba

A gidajenmu na Katsina, da an miƙo wa mai hawan jini ko kumburin ƙafa magani, sai ka ji an ce, "Baba, bari ka sa wani abu a cikinka tukuna." Mun taso da ganin cewa kowane magani sai a kan abinci. A wajen magungunan da ke sa yawan fitsari, zancen ba haka yake ba.

Lasix, wanda ake yawan ba masu ciwon zuciya, abinci yana jinkirta shigarsa jini, yana kuma rage yawan abin da jiki ke tsotsa. Wanda ya kora shi da koko da ƙosai, zai iya ganin fitsarin bai zo da ƙarfin da ya saba ba. Aldactone kuwa akasin haka ne, abinci ma ƙara masa shiga yake yi. Shi ya sa tambayar likita ko mai ba da magani ta zama dole, kuma a riƙe tsari ɗaya kullum, kada yau kafin kari, gobe bayan tuwo.

Abin da ya fi damuna shi ne tukunya. Waɗannan magunguna gishiri suke kora ta fitsari, ruwa ya bi shi. In miya ta sha gishiri da dunƙulen magi, ga kanwa a wake, an mayar da abin da maganin ya fitar, ƙafar Baba kuma tana nan a kumbure har takalmi ya ƙi shiga.