Ma'anar "alaimen", da abin da ba ya warkarwa

Tun da damina ta ɗauke ta bar mana ramukanta, babu kalmar da ke yawo a bakin direbobin tashar garinmu kamar "alaimen". Mota ta yi ƙara, alaimen. Sitiyari ya yi nauyi, alaimen. Har mai facin bakin kasuwa, wanda ba shi da komai sai injin iska da bahon ruwa, ya sa an rubuta masa ita a allo. Shekaranjiya kuma a wani shirin siyasa na dare na ji wani sojan baka yana cewa jam'iyyarsu alaimen kawai take buƙata, wai ƙara ta yi yawa a cikinta. Nan na kashe rediyon. Siyasarsa ba ta dame ni ba, misalin ne bai zauna ba. Alaimen ba ya kashe ƙara.

Kalmar ta Turanci ce, su ma Turawan daga Faransanci suka samo ta, kuma saiwarta ɗaya da wata da muka ara tuntuni har ta zama 'yar gida, wato "layi". Ma'anarta ke nan: ɗora abu a kan layi. Duk wanda ya taɓa riƙe garmar shanu ya san zancen. Shanu biyu ne a ƙarƙashin karkiya ɗaya. In ɗaya ya ɗan karkata, kunya za ta fito a karkace, kai kuma mai riƙo kafaɗarka ta yi tsami don murɗawa. Ka daidaita su, huɗa ta miƙe. To amma in wani ƙusa ne ya yi sako-sako a jikin garmar yana ƙwal-ƙwal, ko malamin gona ka kira ya ja maka igiya, ƙusan nan ba zai yi shiru ba. Tayoyin gaba su ne shanun. Mai alaimen aikinsa ya sa su kalli wuri ɗaya.

Abu uku ake dubawa. Akwai bakin tayoyin, ko ya tsuke ciki ko ya buɗe waje, kamar yaro mai tafiya yana haɗa manyan yatsun ƙafa. Akwai tsayuwar taya, ko ta tsaya cak ko ta yi gwame. Na ukun shi ke sa sitiyari ya komo da kansa bayan an sha kwana, shi kam a yawancin ƙananan motocin da muke hawa ba a ma taɓa shi. Na farkon ne aka fi gyarawa, da sassauta noti a jikin tayarod, ƙarfen da ke tura taya in an murɗa sitiyari, a ƙara masa tsawo ko a rage, kuma bambancin duka-duka milimita kaɗan ne. Alamarsa ba a kunne take ba. Mota ce za ta riƙa janka gefe ɗaya a kan kwalta mai kyau, ko ka ga kana tafiya sak amma sitiyari a karkace, ko taya ta cinye ta gefe guda kamar dunduniyar takalmin mai ɗingishi. Ko a nan ma, fara auna iskar tayoyi tukuna. Taya ɗaya mai ƙarancin iska ta isa ta sa mota ja.

Baffana yana da Golf 3 'yar Kwatano, da ita yake jigilar 'yan kasuwa. Irin motar nan a 1991 ta fara fitowa a Jamus, Golf 4 ta gaje ta a 1997, ka ga ko autar cikinsu ta girmi yaron motarsa. Bara ta fara wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, amma sai in ya karya kan mota sosai zai fita daga tasha. In ya miƙe hanya, shiru. Sau biyu yana kai ta birni wurin masu alaimen na kwamfuta, aka maƙala mata na'ura a tayoyi huɗu, aka nuna masa lambobi sun koma kore, ya biya ya taho. Ƙarar na nan daram. A karo na uku na ja shi wurin wani tsohon bakanike da ke aiki a gindin darbejiya a bayan tashar.

Dattijon ko jak bai ɗauko ba. Ya ce, "Alhaji, karya ta duka zuwa hagu, ka zagaya a hankali." Baffa ya zagaya, ƙas-ƙas-ƙas. Sai ya durƙusa, ya zura hannu bayan tayar, ya fito da yatsu baƙi ƙirin, ya murza su a gaban Baffa. Giris ne haɗe da yashi.

"Ka ji shi? Robar kan shaf ce ta yage. Giris ya fita, ƙasa ta shiga, tana niƙa ƙarfen."

Baffa ya ce, "To Malam, alaimen ɗin da na yi fa?"

"Alaimen ɗinka lafiya lau yake. Ciwon haƙori ka kai wa wanzami ya yi maka aski."

Robar nan ba ta kai kuɗin abincin rana na mako ba. Da an gan ta da wuri, ita kaɗai za a canja. Da yake ta daɗe a yage, sai da aka aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano aka sayo kan shaf gaba ɗaya, wato kan sandan da ke kai ƙarfin inji ga taya. Ban ce masu kwamfuta sun yi ƙarya ba, abin da aka ce su yi suka yi. Laifinsu a wurina ɗaya ne: sun ji ƙarar, suka karɓi kuɗin.

Kowace ƙara da lokacin da take zuwa, kuma lokacin shi ke tona ta. In ka ji kuka mai tsawo, wuuu, duk sanda ka murɗa sitiyari ko da motar a tsaye take, buɗe bonet ka duba man fawa, wato man da ke sauƙaƙa murɗa sitiyari. Sau da yawa ya yi ƙasa ne, famfon yana zuƙar iska, kuma mai ba ya ƙonewa a nan, in ya ragu to yoyo yake ta wani wuri. In ƙara ce mai tsini da sanyin safiya, bel ne ya saki. Wanda yake da Corolla ta 2009 zuwa sama kada ya wahalar da kansa neman tulun man, sitiyarinta na lantarki ne. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, wanda ke sauya murya in ka ɗan karkata, boris ne, abin da taya ke juyawa a kansa. Sitiyari ya riƙa kakkarwa a hannu in an kai kilomita 80 ko 100, wannan na balansin ne, wato nauyin tayar bai daidaita ba, ko rim ya lanƙwashe, ko kuwa taɓon damina ne ya bushe a cikinsa. Balansin da alaimen ma mutane sun mai da su Hassan da Hussaini, alhali ko uwa ba su haɗa ba.

Wadda nake tsoro ita ce ƙwan-ƙwan a kan gargada. Tana iya zama linkej ko bushin, abin da zai jira ranar kasuwa ta wuce. Tana kuma iya zama kan tayarod ko boljoyin, gaɓar da ke riƙe taya da ƙafar mota, su kuwa ba sa jira. Duk wanda ke bin hanyar Wudil ran Juma'a ko Maigatari ran Alhamis ya taɓa ganin mota a gefen titi, maƙare da buhuna, tayar gaba ɗaya ta kwanta a ƙarƙashinta kamar raƙumi ya gurfana. Boljoyin ne ya fice, kuma ya daɗe yana faɗa kafin ya fice. Gwajin ba ya buƙatar kwamfuta. A ɗaga motar da jak, a kama taya dama da hagu a girgiza: in tana wasa, a duba tayarod. A kama sama da ƙasa: in tana wasa, boris ne ko boljoyin. Motar da ke da irin wannan wasa ko an yi mata alaimen ba zai zauna ba, ramin farko zai warware shi, don an saita ne a kan abin da ke motsi.

Alaimen yana da ranarsa, kuma ranar tana zuwa ne bayan gyara. An canja tayarod, ko rak na sitiyari, ko lowa-am mai riƙe taya ta ƙasa, to nan dole ne a yi shi, in ba haka ba sabuwar taya za ta cinye kafin ka gama biyan bashinta. Dattijon darbejiya da zare yake nasa, ya ja shi daga tayar baya zuwa ta gaba, ya rufe ido ɗaya ya leƙa. Na kwamfuta ya fi shi daidai, ban musa ba. Amma shi sai ya girgiza taya kafin ya ɗauko zaren.