Wa ke hawa saman jeri a kasuwannin intanet? Abin da dokar Tarayyar Turai ta tanada

A tsakanin 'yan kasuwarmu da ke zaune a Turai suna sayar da kaya ta Amazon da eBay da Etsy, akwai maganganu da ke yawo game da dokar da ta shafi yadda ake jera kaya idan mai saye ya yi bincike. Wasu na cewa doka ta tilasta wa kamfanonin nan su tona asirin lissafin da suke bi, wasu na cewa an haramta biyan kuɗi domin a ɗaga kayan mutum sama, wasu kuma sun sakankance cewa duk wanda aka sauke kayansa ƙasa zai iya kai ƙara a ci tarar kamfanin kashi 10 cikin ɗari na cinikinsa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da yake daidai, duk da cewa kowanne yana da ɗan tushe, kuma mai sayarwar da ya ɗora lissafinsa a kansu zai yi asarar lokaci da kuɗi.

Dokar da ake magana a kanta ita ce mai lamba 2019/1150 ta Tarayyar Turai, wadda aka zartar a shekarar 2019 ta fara aiki a ranar 12 ga Yulin 2020, kuma an yi ta ne domin daidaita hulɗa tsakanin dandalin intanet da 'yan kasuwar da ke cin abinci a kansa. Ta shafi kasuwannin sayar da kaya, da rumbunan manhajoji, da shafukan kama ɗakin otal, da injinan bincike irin su Google.

Dalilin da ya sa jeri ya zama abin kafa wa doka ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san kasuwa. Mai rumfa a bakin ƙofar Kantin Kwari da wanda ke can ƙurya ba cinikinsu ɗaya ba ko da atamfarsu iri ɗaya ce, to a kasuwar intanet kamfanin ne ke raba rumfunan, kuma yana sake rabon a duk lokacin da wani ya rubuta kalma a gurbin bincike. Na'ura ce ke yin rabon bisa ma'aunai da kamfanin ya tsara: dacewar sunan kaya da bayaninsa da kalmar da aka nema, yawan waɗanda suka duba suka saya a baya, farashi da kuɗin aikawa, saurin isar kaya, taurarin da masu saye suka bayar, yawan kayan da aka dawo da su, da ko kayan na nan a ajiye. A saman wannan kuma akwai guraben talla da ake saye da kuɗi. Mai saye ba kasafai yake wuce shafin farko ba, saboda haka mai sayar da turaren wuta ko man kaɗanya da ya wayi gari ya tarar da kayansa a shafi na shida, a zahiri an rufe masa shago ne ba tare da an taɓa ƙofarsa ba.

Sashe na 5 na dokar shi ne zuciyar maganar. Ya wajabta wa dandali ya rubuta a cikin sharuɗɗan hulɗarsa manyan ma'aunan da ke tantance jeri, tare da dalilin da ya sa waɗannan ma'aunai suka fi wasu nauyi, cikin harshe mai sauƙin fahimta. Manya aka ce, ba duka ba, kuma wannan kalma ɗaya ce ta raba abin da dokar ta bayar da abin da mutane ke zato. Ƙaramin sashe na 6 ya fito fili ya ce ba a tilasta wa kamfani ya bayyana tsarin lissafin na'urarsa ba, haka nan ba a tilasta masa ya saki duk wani bayanin da ake da ƙwaƙƙwaran tabbacin zai ba wa wasu damar murɗa sakamakon bincike su yaudari masu saye ko su cutar da su ba. Kariyar sirrin kasuwanci da ke cikin wata doka ta 2016 ita ma tana nan daram.

Wannan togaciya tana da hujjarta, domin da za a wallafa nauyin kowane ma'auni dalla-dalla, waɗanda za su fara cin moriyarsa su ne masu sayen taurarin ƙarya da masu cusa kalmomin da ba su da alaƙa da kayansu, kuma mai gaskiya ne zai sake komawa ƙasa. Sai dai matsalar ita ce kamfanin da kansa ne ke fara yanke hukuncin inda iyakar take. Dandali na iya rubuta cewa yana duba dacewa da farashi da gamsuwar masu saye, ya yi 'yan layuka a kan kowanne, ya ce ya cika umarni, alhali mai sayarwa ya gama karantawa bai san ko rage kuɗin aikawa ne zai ɗaga shi ko ƙara hotuna ba. Dokar ta ce bayanin ya isa ya ba ɗan kasuwa isasshiyar fahimtar ko ana la'akari da siffofin kayansa da kuma yadda ake yin hakan, kuma a watan Disamban 2020 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da jagora mai tsawo da ke nuna cewa jero sunayen ma'aunai kawai bai wadatar ba. Amma jagora ba doka ba ce, ba ta ɗaure kowa, kuma ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da hanyar gwada ko abin da aka rubuta masa shi ne ainihin abin da na'urar ke yi. A ganina nan ne dokar ta fi rauni, domin ta ba mutum haƙƙin a yi masa bayani ba ta ba shi hanyar tantance gaskiyar bayanin ba.

Batun biyan kuɗi kuwa gajere ne. Dokar ba ta haramta shi ba. Abin da ta ce shi ne idan kuɗi na iya tasiri a jeri, kai tsaye ko a kaikaice, dole a faɗi hanyoyin da kuma irin tasirinsu. Kalmar a kaikaice tana da amfani sosai, domin ta haɗa da abubuwa kamar amfani da rumbun ajiya da sufurin kamfanin ko karɓar wasu ƙarin hidimominsa, waɗanda ba a kiran su talla amma suna iya ɗaga kayan mutum a jeri. A ɓangaren masu saye kuma, wata doka da ta fara aiki a ranar 28 ga Mayun 2022 ta hana a nuna sakamakon bincike ba tare da bayyana wanda aka biya domin ya hau sama ba.

Abin da 'yan kasuwa da yawa ba su lura da shi ba, alhali ya fi yi musu amfani, shi ne sashe na 4. Idan dandali ya taƙaita ko ya dakatar da kayan wani mai sayarwa, wajibi ne ya ba shi dalili a rubuce kafin matakin ya fara aiki ko a lokacin da ya fara, idan kuma rufe asusun ne gaba ɗaya sai an ba shi sanarwar kwana 30, in ban da wasu yanayi kamar maimaita saɓa sharuɗɗa. Gabatarwar dokar ta ambaci cewa rage hasken kayan mutum da gangan, har da sauke shi a jeri, yana cikin taƙaitawa. Ya kamata a bambance abu biyu a nan. Wanda ya sauka saboda abokin gasarsa ya fi shi araha ko saurin aikawa ba a yi masa komai ba, kasuwa ce ta yi halinta. Wanda kamfani ya ɗauki mataki a kansa shi kaɗai, shi ne ke da haƙƙin neman dalili, ya shigar da koke ta tsarin cikin gida da dole ya kasance kyauta, sannan ya nemi sulhu wurin masu shiga tsakani aƙalla biyu da dandalin ya ambata a sharuɗɗansa. Ƙananan dandali masu ma'aikata ƙasa da 50 da cinikin da bai wuce yuro miliyan 10 ba an ɗauke musu waɗannan nauye-nauye biyu na ƙarshe. Canza sharuɗɗa ma sai da sanarwar aƙalla kwana 15, kuma canjin da aka yi ba tare da ita ba ba shi da inganci a gaban doka.

Sai batun tara, inda ruɗanin ya fi yawa. Dokar 2019/1150 ba ta yanka adadin tara ko na sisin kwabo ba. Sashe na 15 ya bar wa kowace ƙasa ta tsara nata hukuncin, da sharaɗin ya zama mai tasiri, daidai da laifi, kuma mai tsawatarwa. Sakamakon haka shi ne kariyar da ɗan kasuwa ke samu ta danganta da ƙasar da yake zaune. Italiya ta ɗora aikin a kan hukumar sadarwarta AGCOM, Jamus kuwa sai a shekarar 2024 ta miƙa shi ga hukumar Bundesnetzagentur, bayan shekarun da kotu ce kawai mafita. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na iya shigar da ƙara a madadin mambobinsu domin a tsayar da saɓa dokar, abin da ke da muhimmanci ga wanda ke tsoron ya ja da kamfanin da abincinsa ke hannunsa.

Kashi 10 cikin ɗarin da ake ta ambato daga wata doka ce daban, wato dokar kasuwannin dijital ta 2022, wadda ta shafi manyan kamfanonin da aka ayyana a matsayin masu tsaron ƙofa, wato waɗanda sai ta hannunsu 'yan kasuwa da yawa ke kaiwa ga masu saye. A watan Satumban 2023 aka ayyana shida, Alphabet mai Google da Amazon da Apple da ByteDance mai TikTok da Meta mai Facebook da Microsoft, daga baya aka ƙara Booking a 2024. Ita ce ta haramta wa irin waɗannan su fifita kayansu ko hidimominsu a jeri a kan na wasu, kuma tararta na iya kaiwa kashi 10 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya baki ɗaya, ko kashi 20 idan an maimaita. Hukumar Tarayyar Turai ce ke yanke wannan tara, kuma kuɗin ba aljihun mai sayarwar da aka cutar yake shiga ba. Dandalin da ba ya cikin wannan rukuni kuwa, dokar 2019 ba ta hana shi fifita kayansa ba, sashe na 7 ya ce ne kawai ya bayyana fifikon.

Manyan hukunce-hukuncen da aka ji labarinsu ma ta hanyar dokar gasa aka yanke su. A 2017 an ci tarar Google yuro biliyan 2.42 saboda ɗora shafinsa na kwatanta farashi a sama da sauke na abokan gasa, kuma sai a watan Satumban 2024 babbar kotun Tarayyar ta tabbatar da hukuncin. Shekara bakwai ke nan ana shari'a, kuma ƙaramin shago ba ya iya jiran rabin wannan. A watan Disamban 2021 hukumar gasa ta Italiya ta ci tarar Amazon sama da yuro biliyan 1.1 kan ɗaure wasu fa'idodin fitowa fili, har da tambarin Prime da ke nuna kayan da ake saurin isarwa, da amfani da sufurin kamfanin. Shekara guda bayan haka Amazon ya ɗauki alkawari a gaban Hukumar Tarayyar cewa zai daidaita masu sayarwa wajen zaɓen wanda ke samun akwatin saye, wato maɓallin da mafi yawan ciniki ke bi ta kansa.

Saura tambayar wanda dokar ta rufe. Ba ta duba inda kamfanin yake, tana duba mai sayarwa da mai saye ne: ɗan kasuwar ya kasance yana zaune ko ya kafa kasuwancinsa a cikin Tarayyar Turai, kuma yana tallata wa masu saye da ke cikinta. Bahaushen da ya yi rajistar sana'arsa a Italiya ko Faransa yana sayar wa mutanen can yana ciki, ko da dandalin na Amurka ne. Birtaniya ta riƙe irin wannan doka a nata tsarin bayan ficewarta. Amma mai sayarwa daga Kano ko Maraɗi da ba shi da mazauni a Turai ba ya ciki, ko da kayansa Jamus suke zuwa. Haka nan kasancewar uwar kamfanin Jumia tana da rajista a Jamus bai jawo dokar zuwa Najeriya ba, tunda mai sayarwa da mai saye duk a gida suke. Wanda ke da koke a nan sai ya duba yarjejeniyar da ya amince da ita lokacin buɗe shagonsa, da kuma dokar gasa da kare masu saye ta Najeriya ta 2018 wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa.