Zuwa asibitin Kware ba abin kunya ba ne

A Sakkwato, da an ce an kai wani Kware, inda asibitin masu taɓin hankali yake, sai a hau raɗa: shi ke nan ya haukace, kada a nemi aure a gidansu. Wannan kuskure ya daɗe yana cutar da bayin Allah.

Taɓin hankali ciwo ne, kamar hawan jini. Yawancin masu fama da shi ba sa yawo a bola. Wani baƙin ciki ne ya danne shi, wata kuwa bayan haihuwa abin ya same ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum 1 cikin 8 a duniya na fama da wani nau'in taɓin hankali. Da yawa suna shan magani su koma sana'arsu. Ruƙiyya ba ta hana ganin likita, ɗaure mutum da mari kuwa ƙara masa ciwo yake yi.