Mai Ciki, Sauro da Cutar Sida: Abin da Ya Kamata Matanmu Su Sani

Iyayenmu mata na Garwa, Marwa da Ngaundere, daga watan Yuli zuwa Oktoba sauro ya fi yawa, lokacin ne muka fi ganin masu ciki da jini ya yi musu ƙaranci.

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana da wayo. Idan mace ta ɗauki ciki, jinin da ƙwayar ta kama yana taruwa a mabiyiya, inda jariri ke samun abinci. Uwa na iya zama ba zazzaɓi, alhali ɗan cikinta yana ƙwaruwa, a haife shi bai kai kilo 2.5 ba, ko ya zo bakwaini. Mai cikin fari ce ta fi shan wuya, domin jikinta bai san irin ƙwayar da ke taruwa a mabiyiya ba tukuna. Daga ciki na biyu, na uku, garkuwar jiki takan koyi yaƙar ta.

Cutar sida tana ɓata wannan koyon. Mace mai ɗauke da ita, ko ta haifi biyar, hatsarinta na nan kusan kamar na mai cikin fari. Wannan ne ya fi damuna, don manyan mata su suka fi cewa sun saba, ba sai sun je awo ba.

Jariri ma yana shan kashi. A watannin ƙarshe uwa ke miƙa masa kariyarta ta mabiyiya, irin ta ƙyanda da sarƙe-haƙora. Cututtukan biyu suna rage wannan rabon, sai ya zo duniya da guzuri kaɗan. Shi ya sa ba a wasa da ranakun rigakafinsa.

Ki fara awo da wuri, a yi muku gwajin sida ke da maigida. Daga mako 13 ana ba mai ciki Fansidar, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wata-wata, aƙalla sau 3. Amma wadda ke shan Cotrimoxazole kullum, maganin da ke kare masu sida daga wasu cututtuka, kada ta haɗa da Fansidar, danginsu ɗaya, haɗa su na cutarwa. Ki faɗa wa ungozoma gaskiya, maganar ba za ta fita daga ɗakin ba.

Maganin sida kyauta ne a Kamaru. Idan babu shi, jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari kan kamu daga uwa. In ana sha kullum, ba sa kai 5. Bayan haihuwa a ba jaririn nasa maganin, a kawo shi gwaji yana da mako 6. Ku kwana tare cikin gidan sauro, ko da zafi.