Ma'anar kiristal: carbin tsaraba gilashi ne, gishirin miya ne na gaskiya

Kalmar kiristal ta zauna daram a bakin Hausawan Makka da Jidda. Mai shagon tsaraba zai ɗaga carbi ya ce, "Hajiya, wannan kiristal ne, ba roba ba," sai farashi ya ɗaga. Fitilun da ake ratayewa a falo kiristal ne, kofunan jeren amarya kiristal ne, haka duwatsun da ake liƙa wa abaya. A kasuwa, duk abin da yake garau yana ƙyalli ya ci wannan suna. A wurin masana ma'adinai kuwa, yawancin waɗannan kaya gilashi ne kawai, kuma gishirin da ke madafa ya fi su cancantar sunan.

Kalmar daga Girkanci ta fito, inda take nufin ƙanƙara. Mutanen da sun ɗauka farin dutsen nan mai garai-garai, wanda ake kira kwaz, ruwa ne da ya daskare har ya kasa narkewa. Gilashi daga baya ya ari sunan. A 1674 wani mutumin Ingila, George Ravenscroft, ya sami izinin mallakar wani sabon gilashi, wanda ya shahara da zuba masa dalma. Dalmar ta ƙara masa nauyi da sheƙi, ta sa ya yi daɗin yanka, har ya yi kama da dutsen. Don haka mai shago bai yi ƙarya ba, sunan da masana'anta suka raɗa yake faɗa. Amma mai saye ya kamata ya san abin da ya biya. Kwaz yana karce gilashi, gilashi ba ya karce shi; idan aka ɗora shi a kumatu ya fi gilashi sanyi; kuma 'yan kumfa zagayayyu a ciki alamar gilashi ce. Duwatsun da ake tsinta a hamadar Ƙaisuma, kusa da Hafar al-Batin, ana ce musu daimon ɗin Saudiyya, su ma kwaz ne. Kiristal ne na gaske, amma ba daimon ba.

To mene ne kiristal a ilmance? Shi ne sandararren abu wanda ƙwayoyin zarra na cikinsa suka jeru bisa tsari guda, tsarin yana maimaita kansa ta tsawo da faɗi da tsayi. Duk wanda ya taɓa leƙo masallata daga benen Harami ya ga misalin. Idan aka tayar da iƙama, kowa yana da gurbinsa, kafaɗa da kafaɗa, wanda ya san tazarar sahu ɗaya zai iya faɗin inda na ɗari yake. Da an sallame an nufi ƙofa, mutanen dai su ne, cunkoson ma yana nan, amma sahun ya tafi. Na farko shi ne kiristal, na biyu gilashi, wanda ya huce da sauri kafin ƙwayoyinsa su sami damar jeruwa.

Abin da ya fi burge ni a wannan fanni shi ne jerin da ido ba ya gani yana bayyana kansa a waje. A zuba gishiri mai gwari-gwari a baƙin faranti, irin na Ƙasab da ake kawowa daga arewa maso yammacin Riyad, a duba da madubin ƙara girma. Za a ga ƙwayoyi masu fuska shida, kowace fuska murabba'i, siffar da yaran makarantun nan suka sani da muka'ab. A fasa ɗaya, gutsattsarin ma haka za su fito, da kusurwa digiri 90. Dalili shi ne sodiyam da kulorin, sinadarai biyun da suka haɗu suka yi gishiri, sun jeru bi da bi, kowace ƙwayar sodiyam tana da maƙwabtan kulorin shida, sama da ƙasa, gaba da baya, dama da hagu. A gefen ƙwayar gishiri mai tsawon milimita ɗaya akwai irin waɗannan kimanin miliyan uku da rabi a layi guda. Idan gishirin zai tsage, tsakanin sahu da sahu yake bi, domin nan ne ya fi sauƙi.

An daɗe ana zargin haka kafin a gani. A 1669 Nicolas Steno, ɗan ƙasar Danmak, ya gwada duwatsun kwaz iri-iri, dogo da gajere, siriri da mai kauri, ya tarar kusurwar da ke tsakanin fuskokinsu ba ta canzawa. Tsakanin dogayen fuskoki biyu da ke maƙwabtaka kullum digiri 120 ce. Girman fuska ya danganta da inda dutsen ya tsiro da sararin da ya samu, kusurwa kuwa daga ciki take zuwa. Hujjar ƙarshe sai a 1912, lokacin da Max von Laue da abokan aikinsa a Jamus suka haska kiristal da hasken eksire, ɗigogi suka fito a jere a kan faifan hoto. Shekara guda bayan haka William Bragg da ɗansa Lawrence suka yi amfani da wannan hanya suka gano jerin gishiri. Sun sami kyautar Nobel tare a 1915, ɗan yana da shekara 25.

Jerin ne kuma yake yanke halin abu. Daimon da girafait, baƙin abin da ake yin bakin fensir da shi, duka kabon ne zalla. A daimon kowace ƙwaya ta riƙe huɗu ta kowane ɓangare, shi ya sa babu ma'adinin da ya kai shi tauri. A bakin fensir ƙwayoyin sun shimfiɗu faifai-faifai, suna zamewa kan juna suna barin baƙi a takarda.

Ƙasar nan cike take da misalai. A fadamun gishiri na gabashin Saudiyya ana haƙo abin da Larabawa ke kira furen hamada. Jibs ne, irin wanda magina ke yi wa silin ado da shi, ya tsiro cikin yashi fale-fale lokacin da ruwan ƙasa mai gishiri yake ƙafewa, ya haɗiye yashin a jikinsa. Sukkar nabat da ake saya a shagon attar kiristal ne da aka raina a hankali cikin ruwan sukari mai kauri. Alam da iyayenmu mata ke kwantar da ruwa da shi, idan aka narkar da shi a ruwan zafi aka rataya zare aka bari ya huce, yakan fito da fuska takwas, kowace alwatika. Gwaji ne da ya dace a yi wa yara a gida. Dusar ƙanƙara da ke sauka kan Jabalul Lauz a yankin Tabuk da hunturu, ƙwayoyinta masu reshe shida ne, abin da Johannes Kepler ya yi tambaya a kansa tun 1611, kuma amsar tana cikin yadda ruwa ke jeruwa in ya daskare. Sai zuma. An sha zargin masu sayar da zuma da zuba sukari don ta yi tsaki-tsaki a gindin kwalba, alhali gulukos ɗin cikinta ne ya jeru, kuma zuma ta gaskiya tana yin haka. A sa kwalbar a ruwan ɗumi, za ta koma yadda take.

Sai dai ba duk mai kusurwa shida ne kiristal ba, kuma nan mutane kan ruɗe. Saƙar zuma kaki ne da ƙudan zuma suka gina. Kusurwa shida ita ce siffar da ke raba fili ɗaki-ɗaki daidai wa daida da mafi ƙarancin bango, abin da aka daɗe ana zato, sai a 1999 Thomas Hales ya tabbatar da shi ta lissafi. Baƙin dutsen harra da ya kewaye Madina, inda wuta ta ɓullo a 1256, narkakken dutse ne da ya huce. Irinsa idan ya yi kauri ya huce a hankali yakan tsuke ya tsage ginshiƙi-ginshiƙi, mafi yawa masu gefe shida. A gaɓar tekun Ayalan ta Arewa akwai kimanin 40,000 a wuri guda. Wannan tsagewa ce, 'yar'uwar wadda laka ke yi in kududdufi ya ƙafe.

Akwai kuma siffar da aka yi ittifaƙi ba ta yiwuwa. Mai shimfiɗa tayil zai iya rufe daɓe da alwatika, ko murabba'i, ko mai kusurwa shida, ba tare da giɓi ba. Mai kusurwa biyar ba ya yi: kowace kusurwarsa digiri 108 ce, uku sun ba da 324, saura 36 a buɗe, na huɗu kuma ba shi da wurin shiga. Saboda haka aka ce kiristal, idan aka juya shi zagaye ɗaya, yana iya maimaita kamanninsa sau biyu, uku, huɗu ko shida, ban da biyar. A 1891 Evgraf Fedorov na Rasha da Arthur Schoenflies na Jamus suka ƙidaya dukkan tsarukan da jeri mai maimaituwa zai iya ɗauka, suka sami 230.

A 1982 Dan Shechtman, yana aiki a Amurka, ya ga ɗigogi goma a zagaye daga wani haɗin alminiyam da manganis, alamar irin tsarin nan da aka ce ba ya yiwuwa. An yi masa ca, har Linus Pauling, mai kyautar Nobel biyu, ya ƙi yarda har ya rasu. Amma abin ya tabbata: ƙwayoyin suna da tsari tsaf, sai dai tsarin ba ya maimaita kansa. A 1992 ƙungiyar masana kiristal ta duniya ta faɗaɗa ma'anar kalmar don ta ƙunshi irin wannan, a 2011 kuma Shechtman ya karɓi Nobel. A 2007 Peter Lu da Paul Steinhardt suka nuna cewa adon bangon hubbaren Darb-i Imam da ke Isfahan a Iran, ginin 1453, ya kusa cika irin wannan tsari. Maginan Musulmi sun fitar da shi ne da 'yan siffofi biyar da suke harhaɗawa, mai kusurwa goma da mai kusurwa biyar na cikinsu, kimanin shekara 500 kafin a gan shi a cikin ƙarfe.